Tambaya da Amsa: Hunturu Ne Ke Shanye Man Akori-Kura?

TAMBAYA

Malam, ni direba ne a Wara, ƙaramar hukumar Ngaski. Shekara shida ke nan ina jan wata Hilux mai shan fetur ta maigidana. Aikina kwaso kaya daga ƙauyukan bakin ruwa zuwa Yelwa, in kasuwa ta yi kyau in wuce Koko da Jega, wani lokaci har Sakkwato. Abin da ke damuna shi ne, tun da hunturu ya kama motar nan ta buɗe ciki. Man da nake sha a Yelwa ya kai ni Jega ya dawo da ni, yanzu ina isowa Koko a dawowa allura ta kwanta. Alhaji, maigidan nawa, bai fito ya ce ina sata ba, amma ya fara tambayar yaron mota a bayan idona, ka kuwa san abin da hakan ke nufi. Makanikena ya canja fulogi, ya wanke injekta, ba ta sake zani ba. Ƙanena da ke karatu a Birnin Kebbi ya ce ya gani a waya wai a Amurka sanyi kan sa mota ta ƙara shan mai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, don Allah ka rubuta in kai wa Alhaji ya gani da idonsa. Wallahi ina tattalin motar nan kamar ɗiyata, kullum da asuba sai na bar ta ta yi zafi na minti ashirin kafin in taka ta.

Daga wani direba, Wara.

AMSA

Allah ya tsare hanya, ya kiyaye ƙarfe.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai rigar da ya aro maka ta yi maka yawa. Adadin da ya gani na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ne. Cewa suka yi, motar fetur mai zirga-zirga cikin gari, tafiyar da lita ɗaya ke kai ta takan ragu da wajen kashi 15 cikin 100 idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, in aka gwada da ranar da ma'auni ke kan digiri 25. In tafiyar 'yar gajeruwa ce, kilomita 5 ko 6, raguwar kan kai kashi 24. To, digiri 7 ƙasa da sifili shi ne sanyin da ruwan randa zai kwana ya tashi dutse. Mu kuwa a ƙasar Yauri, ko a tsakiyar Janairu, lokacin da tsofaffi ke kwana da kaskon wuta, asuba kan tsaya ne a wajen digiri 15 zuwa 18, kafin azahar kuma an haura 30, kowa ya tuɓe rigar sanyi. Su sun sauko da digiri 32, kuma haka suke wuni su kwana wata da watanni. Mu mun sauko da kamar 10, na awa biyu ko uku. Can ma har fetur ɗin da ake sayarwa lokacin sanyi haɗinsa daban ne, ƙarfinsa bai kai na lokacin zafi ba, man dizal kuwa yakan yi kauri har ya toshe filta. Duk babu wannan a Yelwa. In ka kai wa Alhaji kashi 24 ɗin nan, kuma ya samu mai yi masa bayani, ka ƙara wa kanka zargi ne kawai.

Amma na yarda da kai cewa motar ta ƙara sha, kuma na yarda hunturu na da hannu. Abin da nake zato shi ne, ɗan sanyin namu ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ka san yadda man ja ke yi a kwalba da sanyin safiya, sai an kai shi bakin murhu kafin ya tsiyaya. Baƙin man inji bai kai haka daskarewa ba, amma hanyarsu ɗaya, musamman mai kauri irin 20W-50 da yawancin garejinmu ke ɗura wa kowace mota ba tambaya. Akori-kura kuwa ta fi ƙaramar mota wuraren da mai ke kwana: ga inji, ga giya, ga aksul na baya, in mai jan ƙafa huɗu ce ga na gaba, kowanne da nasa man mai kauri, kuma sai inji ya tuƙa su duka kamar mai tuƙa tuwon da ya kwana. Wannan ɗaya. Na biyu, fetur ba ya cin wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. In ƙarfen inji na da sanyi, wani sashe na man da aka fesa yakan manne a jikin ƙarfe kamar raɓa, bai ƙone ba. Don kada mota ta mutu, kwamfutarta, wadda makanikai ke ce wa biren-bos, sai ta ƙara awon man da take fesawa, ta kuma ɗaga silo. Shi ya sa da asuba kake jin ƙararta ta fi ta rana, salansa kuma na warin ɗanyen mai. Haka za ta yi ta yi har sensar ruwa ta gaya mata inji ya ɗumama. An ƙera injin ne ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 85 zuwa 95. Duk mintin da ya yi ƙasa da haka sosai, da tsada ake tafiyarsa.

A mota mai lafiya wannan ba ya wuce 'yan mintoci. Tambayar da zan yi maka ita ce: in ka baro Wara da asuba, ina allurar zafin inji take tsayawa?

Na yi tambayar ne saboda wata tafiya da na yi wani Janairu, a gaban wata akori-kura daga Yelwa zuwa Kwantagora. Mun tashi bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, direba ya naɗe kai da rawani sai idanu. Ina zaune ina kallon gilashin allurai don ba abin kallo a waje. Muka yi tafiyar kusan awa guda, allurar zafi tana kwance a ƙasa kamar an ɗaure ta. Na ce masa, "Maigida, allurar nan ta mutu ne?" Ya yi dariya ya daki sitiyari, ya ce ai lafiyar motar ke nan, injinta ƙanƙara ne, tun da aka cire mata "abin Turawan nan" ba ta ƙara obahitin ba. Da muka tsaya shan shayi ya buɗe bonet yana alfahari. Na zaro sandar gwada baƙin mai na shinshina, fetur zalla.

Abin Turawan nan shi ne tamostat. Wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, bai fi tafin hannun yaro ba, yana zaune a bakin bututun da ke tsakanin inji da lagireto. Aikinsa tsaron ƙofa. In inji na da sanyi sai ya rufe, ruwa ya yi ta kewaya cikin inji kaɗai har ya yi zafi da wuri. In ruwa ya haura digiri 80 da 'yan kai sai ya buɗe, ya bar shi ya je lagireto ya sha iska. A garejinmu an ɗauke shi kayan ƙasar sanyi, mota na shigowa daga Kwatano ko Legas abu na farko a cire shi a jefa a gwangwani. Fanka kuma, in ta lantarki ce a haɗa ta dairek, in mai bel ce irin ta Hilux a ƙulle ta tamau, ta yi ta juyi da ƙarfinta ko ana bukata ko ba a bukata, tana cin ƙarfin inji.

Ban ga laifin makanikai gaba ɗaya ba. Sun ga motoci sun ƙone gasket a watan Afrilu saboda tamostat ya cije a rufe. Amma me ya sa ya cije? Ruwan gulbi da na rijiya da muke ɗura wa lagireto, maimakon ruwan sanyaya inji na kwalba, shi ke tara tsatsa da dattin da ke toshe lagireton ya kuma kama tamostat ɗin. Cire shi sai ya zama ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Da bazara, rana na 40, inji kan lallaɓa ya kai zafinsa ko ba mai tsaron ƙofa, ba wanda zai lura. Hunturu na kamawa sai asiri ya tonu: iska mai sanyi na dukan lagireto, fanka na ƙara mata, ruwa na yawo ba shamaki, kwamfuta kuwa tana zaton har yanzu ba a gama ɗumama ba, tana ta ƙara mai daga Wara har Birnin Yauri. Ragowar man da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, ya tsinke shi, ringi su ci kansu. Makanikenka ya canja fulogi, ina kyautata zaton ya tarar da tsofaffin sun yi baƙi ƙirin. Sababbin ma haka za su yi.

Ka sa a duba. In babu shi, a fara wanke lagireto tukuna, a gyara fanka ta koma yadda aka ƙera ta, sannan a sa sabo na asali. Jabu ya fi babu haɗari. Gwajinsa kuwa ko a gida: ka jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta ka zuba ido, kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya buɗe, in ya huce ya rufe. Wanda ruwa ya tafasa bai motsa ba, mayar wa mai kanti kayansa.

Sai maganar minti ashirin ɗinka na asuba, wadda ka faɗa cikin alfahari. Gadonta ka yi daga iyayen gidanku da suka ja Peugeot 404 da 504, Fijon da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Su masu kafireto ne, sai an ja cok an lallashe su, in ka taka su da sanyi su yi tari su mutu. Taka mai injekta ce, ba ta bukatar wannan. Inji a silo yakan sha lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girmansa. Minti 20 kullum, kwana 26 a wata, lita 9 zuwa 17 ke nan a tsaye, taya bai juya ba. A da, lita na ƙasa da naira 200, ba wanda zai kula. Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan ɗumamar ta zama kuɗin cefane. Abin haushin ma, silo ba ya ɗumama inji da sauri, giya da aksul kuwa ba ya taɓa su sam. Ka tayar, ka ba ta rabin minti ko minti guda baƙin mai ya zagaya, ka tafi a hankali ba tare da cika mata wuta ba na 'yan kilomitoci. A tafiye take yin zafi.

Aikinka na bakin ruwa ma irin wanda sanyi ya fi cuta ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 gulbi ya zama tafki, a hunturu yake cike fal, don a lokacin ne ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun Mali, yake isowa. Fili ne na ruwa ba itace ba tudu, iska na zuwa ba mai tare ta. Ka yi kilomita biyar ka kashe mota kana jiran jirgin ruwa ya iso da kaya, ka ƙara bakwai ka sake tsayawa a wata tunga. Iska ba ta iya sa ƙarfe ya fi garin sanyi, wannan jikin mutum ne ke jin haka, amma tana zuƙe zafin inji da sauri. Kowace tsayuwa mai tsawo, kamar sabuwar asuba ce ga motar.

A doguwar tafiya kuwa, Yelwa zuwa Jega, na fi zargin iskar da sanyin. Daga arewa maso gabas take busowa, daga Sahara, ƙurar da take ɗauke da ita ma mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Kai kuma arewa ka nufa da lodi: daga Yelwa ka ratsa ƙasar Shanga zuwa Koko da Jega tana dukanka ta gaba da dama, daga Jega ka karkata zuwa Tambuwal da Sakkwato kun yi gaba da gaba. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi. Kana gudun 80 iska na zuwa da 20, motar ji take kamar tana keta iska a 100, turjiyar ta ƙaru da fiye da rabi. Ga shi iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, tsakanin digiri 40 da 15 bambancin ya kusa kashi 9 cikin 100. Za ka ce ai a dawowa tana tura ka. Tana turawa, amma abin da ta mayar bai kai abin da ta karɓa ba, kuma ta fi tashi da hantsi zuwa azahar, lokacin da kake tafiya, ta lafa da yamma, lokacin da kake dawowa. Akori-kura dama goshinta faɗi gare shi. In ka ɗora kwalayen bandar kifi suka haura kan direba, ka ja tamfol yana kaɗawa, ka zama mai tafiya da ƙyauren ɗaki a kai cikin guguwa. Kifin ba nauyi, amma tsayinsa mai yake sha. Rage gudu daga 100 zuwa 80 a irin wannan ranar ya fi duk wani maganin da za a sayar maka a kwalba a ce ka zuba a tanki.

Kada kuma mu manta hunturu bayan kaka yake zuwa. Abin da kake ɗauka a Agusta ba shi kake ɗauka a Disamba ba. Yanzu ga shanshera, ga dawa, ga wake, albasa na tafe. An ƙera Hilux ta ɗauki abin da bai wuce tan guda ba sosai. In buhu kilo 80 ne, 20 sun zama kilo 1,600, ban da masu kayan da ke zaune a kai. Hanyoyin ƙauye da suka bushe sun zama rairayi, kana ta giya ɗaya da biyu, wataƙila ma ka sa ƙafa huɗu ka manta ba ka cire ba bayan ka hau kwalta. Wannan ba laifin sanyi ba ne, lokaci ne ya haɗa su. Alhaji ma ya san balas ɗin kaka ya fi na damina kauri.

Taya: iskarsa kan ragu da kamar awo 1 a gejin mai faci duk sanda gari ya sauko da digiri 5 ko 6. Asarar man da ke cikin wannan kaɗan ce, da ƙyar ta kai kashi 1, sai fa in dama tayoyin a sace suke. Ka auna da safe kafin su yi zafi, da geji, ba da dukan ƙarfe ba, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, akwai na lodi akwai na wayam.

Filtar iska ita kowa zai fara ambata maka saboda ƙura, kuma a nan zan saɓa wa 'yan tasha. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta a toshe. Masu injekta ba su ƙara shan mai a-zo-a-gani ba, ƙarfin fizga ne ya ragu, don kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta samu. Tsohuwa mai kafireto ce ta ƙara sha. Saboda haka ka riƙa kakkaɓe ta, ka canja ta a kan kari, amma ba ita ce ɓarauniyarka ba. Inda ƙura ke ɓarna shi ne in filtar ta yage, ko jabu ce ba ta zauna daidai ba, ko an yi ta hura ta da iskar mai faci har ta huhhuje. Nan ƙura za ta wuce ta lulluɓe sensar da ke auna iska, lissafin kwamfuta ya rikice, sauran kuma ta shiga inji ta zama yashin goge ƙarfe.

Yanzu abin da za ka kai wa Alhaji. Allurar tanki ba shaida ba ce, kuma "man dubu talatin" ba awo ba ne, don farashi na motsi. In a hannun 'yan bumburutu kake sha wani lokaci, galan ɗin da ake ce lita 4 ba kullum yake cika 4 ba, ba kuma kullum fetur ne zalla ba. Ka sayi ɗan littafi. Ka cika tanki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, har ya katse da kansa, ka rubuta lambar kilomita. In ta motar ta mutu, taswirar wayar ƙanenka za ta ba ka nisan. Ka je ka dawo, ka sake cikawa a famfon nan, ka rubuta litar da ta shiga, da irin lodin, da ƙarfe nawa ka tashi, da ko ana iska. Raba kilomita da lita. Ka yi haka sau uku kafin a taɓa motar, sau uku bayan an sa tamostat ka kuma daina ɗumamar asuba. Ka roƙi Alhaji ya turo wanda ya yarda da shi ya tsaya a wajen cikawar, kai ka nema tun kafin ya nema. Ka kuma leƙa ƙarƙashin motar da safe ko ƙasa ta jiƙe, tsofaffin robobin mai kan tsage. Murfin tanki ma a sa masa makulli. Ban ce yaronka ba, amma mota na kwana a waje, tiyo kuma ba shi da tsada.

Bayan sati uku ka rubuto mini adadin da ka samu, ka kuma gaya mini inda allurar zafi take tsayawa in ka iso Birnin Yauri.